Wata Goma Sha Huɗu Ba Fada: Muhawara a Zauren Katolikan Arewa Mazauna Saudiyya

Maman Godiya (Dammam): Ɗaukaka ga Yesu, 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon saƙon nan, zuciyata ce ta cika. Jiya Juma'a Allah ya nufa na haye gada zuwa Baharen, bayan wata goma sha huɗu rabona da ganin Fada ido da ido. Wata abokiyar aikina Bakanuwa, Musulma, ita ta karɓar mini aikin safe, ta ce, "Je ki, ki sa mu a addu'a." Mun bar Dammam tun da duhu, amma layin jawazat, wato wurin duba fasfo, a tsakiyar gada ya cinye mana fiye da awa guda. Da muka isa babban cocin Awali na tarar da layin konfeshan, wato furta zunubi gaban Fada, ya miƙe har ƙofa, 'yan Filifin, 'yan Indiya, da mu baƙaƙe jefi-jefi. Da layi ya zo kaina na tarar da wani tsohon Fada Ba'indiye. Ya tuɓe takalmansa ya tura ƙarƙashin kujera saboda ƙafafunsa sun kumbura, ga ƙaramin tawul a hannu yana share gumi. Na durƙusa, bakina ya ƙi buɗuwa, sai hawaye. Bai hanzarta ni ba. Ya ce, "Daga hayin gada kike? To kada ki yi sauri, saboda ku nake zaune a nan." Ni dai abin da zan ce, mu riƙa gode wa Allah saboda firistocinmu. Muna gida ba mu san abin da muke da shi ba. Fada na Mas muna duba agogo.

Ladi (Kobar): Girma ga Maryamu! Kai Anti, har kin sa ni kuka a wurin aiki. Allah ya karɓa.

Dauda Direba (Jubel): Amin. Anti, da kin faɗa mini ai da na kai ki. Duk Juma'ar farkon wata ina hayewa.

Istifanus (Riyad): Barka da dawowa Anti, Allah ya karɓi ibada. Amma wannan "mu riƙa gode wa Allah saboda firistocinmu", a cire sunana a ciki. Na yi shiru a zauren nan kusan shekara biyu, yau sai na faɗa.

Mahaifina kafinta ne. Rufin cocin ƙauyenmu shi ya buga shi da hannunsa, bai karɓi ko sisi ba, abincin rana ma daga gida ake kai masa. Da ya rasu, ina nan Riyad, kafilina, wato ubangidan aikina, ya ƙi sa mini hannu a kan bizar fita da dawowa. Ƙannena suka je wurin Fada maganar jana'iza. Ya sa aka ɗauko littafi, aka buɗe, aka ce Baba yana da bashin kuɗin gini da na bikin godiyar kaka na shekara uku, naira dubu tamanin da biyar. Shekara ukun da yake kwance da shanyewar ɓarin jiki! Fada ya ce ba za a shigar da gawa coci ba sai an biya. Gawar Baba ta yi kwana tara a ɗakin ajiyar gawa, muna biyan kuɗin kwana, har na samu rance na tura. A watan ne kuma aka yi bikin sa wa sabuwar motar Fada albarka. Uwata ta ga wannan da idonta. Tun ranar ban sake taka ƙofar coci ba, kuma da yake ina ƙasar da babu coci sai na ji ma an hutar da ni.

Ayuba (Jidda): Istifanus, ka yi hattara da bakinka. An rubuta kada a taɓa shafaffu na Ubangiji. Ko me Fada ya yi, tsakaninsa da Allah ne, ba naka ba ne ka yi masa shari'a a waya. Shi ya sa albarka ke guje wa wasu.

Istifanus (Riyad): Albarkar ta guje ni, na ji. Uban wa aka ajiye a firij kwana tara, naka ko nawa?

Hannatu, mai kula da zaure (Riyad): Don Allah a sassauta. Ayuba, ba a yi wa mai makoki barazana da albarka. Istifanus, ka faɗi abin da ke ranka, amma kada kowa ya ambaci sunan Fada ko na farish, dokar zauren ke nan tun farko. Ina kuma tuna mana, kada wani ya rubuta wani abu game da inda mutane ke haɗuwa yin addu'a a cikin ƙasar nan. Kun san dalili.

Baba Luka (Jubel): Ɗana Istifanus, sannu. Allah ya ji ƙan mahaifinka, ya saka masa da aikin hannunsa. Ban san shi ba, amma na san irinsa, don ubana katikis ne shekara talatin da ɗaya, a kan keke ya ƙare ƙarfinsa.

Zan fara da kai Ayuba, ka yi mini haƙuri. Ayar da ka kawo daga Zabura ta 105 ce, kuma in ka karanta daga sama za ka ga ana maganar Ibrahim da zuriyarsa ne lokacin da suke baƙi 'yan kaɗan suna yawo daga ƙasa zuwa ƙasa, Allah yana gargaɗin sarakuna kada su cuce su. Wato ta fi dacewa da mu da ke zaman iƙama a nan fiye da mai riƙe da littafin bashi. Dauda sarki shafaffe ne, Natan ya dube shi ya ce masa kai ne mutumin. Bitrus shugaban manzanni ne, Bulus ya tsaya masa a Antakiya gaban jama'a. Mun mayar da ayar nan bargon rufe ɓarna, kuma ta cuce mu.

Abin da aka yi wa mahaifin Istifanus ba rashin tausayi kaɗai ba ne, karya dokar Ikilisiya ne. Sashe na 1181 ya ce a kula kada a nuna bambanci wajen jana'iza, kada kuma a hana talaka jana'izar da ta dace. Sashe na 848 ya ce kada talauci ya sa a hana mabukaci sakramenti. Sashe na 537 ya wajabta wa kowane farish kwamitin kuɗi, na 1287 kuma ya ce masu riƙon dukiya su ba jama'a bayanin abin da jama'a suka bayar. Waɗannan ba ni na ƙirƙira ba, suna cikin kundin 1983. Da ƙannenka sun san haka, da takarda ɗaya zuwa ofishin Bishop ta isa ta girgiza teburin. Rijiya ta bayar, guga ne ya hana.

Istifanus (Riyad): Baba, na gode da addu'a. Amma dokar da ke cikin littafi a Roma, wa ya san ta a ƙauyenmu? A can Fada shi ne doka, shi ne alƙali, shi ne ma'aji. Kuma Bishop ɗin da za a kai wa ƙara, tare suke cin abinci.

Baba Luka (Jubel): Wannan gaskiya ce, ba zan musa ba. Laifin rabinsa namu ne. Mun saba da "Fada ya ce." Kwamitin kuɗi sai Fada ya zaɓi waɗanda ba za su tambaye shi ba, mu kuma mu tafa. Ni kaina na zauna a irin wannan kwamiti shekara huɗu ina sa hannu a takardar da ban karanta ba. Ina jin kunyar abin har yau.

Rifkatu (Riyad): Tun da an buɗe, bari ni ma in sauke nawa. Maganar kuɗi ma da sauƙi. 'Yar ƙanwar mamata tana da shekara goma sha shida aka tura ta gidan Fada taya aikin girki, don yana biya mata kuɗin makaranta. Kowa na cewa ta yi sa'a. Kafin shekara ta zagayo ciki ya fito. Dattawan coci suka zo gidanmu da dare, su huɗu, da ambulan a hannu. Suka ce a rufa wa Ikilisiya asiri, a bar kaza cikin gashinta. Aka kai yarinya wurin dangi a wani gari, shi kuma aka yi masa canjin wurin aiki, har da liyafar ban kwana, matan zumunta suka yi anko. Ita ce aka riƙa nunawa da baki a kasuwa, ita ce ta bar makaranta. Shekara takwas ke nan. Ina zuwa Mas in na samu hanya, ban daina ba, amma duk lokacin da aka ce a yi wa firistoci addu'a sai in ji wani abu ya tokare ni a maƙogwaro. Anti Maman Godiya, ba da ke nake ba.

Maman Godiya (Dammam): Wayyo Rifkatu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ina da 'ya mai shekara goma sha biyar a gida wurin kakarta, jikina har rawa yake. Da na san akwai masu ɗauke da irin wannan a zauren nan da na tauna maganata kafin in turo.

Rifkatu (Riyad): A'a Anti, kada ki janye. Abin da kika gani gaskiya ne, nawa ma gaskiya ne. Abin da ya gagare ni shi ne yadda zan riƙe su biyun a ciki ɗaya.

Ayuba (Jidda): To amma irin wannan maganar in ta fita waje fa? Muna zaune cikin mutanen da dama suna neman abin da za su faɗa a kanmu. Wake ɗaya ne ke ɓata gari, kada mu tona wa kanmu asiri.

Bitrus Injiniya (Dahran): Ayuba, wannan lissafin na "kada a ji a waje" shi ne ya kai Ikilisiya inda ta tsinci kanta. A Boston ta Amurka, abin da ya fashe a 2002 ba wai an samu firist mai lalata da yara ba ne kawai, a'a, an gano cewa manya sun sani, suna ɗauke shi daga wannan farish zuwa wancan. Daidai abin da Rifkatu ta faɗa. A Faransa bishop-bishop da kansu suka kafa kwamitin bincike mai zaman kansa, rahotonsa ya fito a Oktoban 2021, ya ƙiyasta yara kusan 216,000 da firistoci da masu rayuwar keɓewa suka ci zarafinsu tun daga 1950, masu laifin kuma wajen 3,000. Ba wake ɗaya ba ne. A Fabrairun 2019 aka tuɓe Theodore McCarrick daga firistanci gaba ɗaya, mutumin da ya kai matsayin kadinal. A watan Fabrairun dai, a cikin jirgi yana komawa daga Abu Dhabi, maƙwabtanmu, Fafaroma Francis ya amsa da bakinsa cewa akwai firistoci da bishop-bishop da suka ci zarafin sistoci. In Fafaroma ya faɗa gaban 'yan jarida, mu wa muke ɓoye wa?

Rifkatu, ga abin da ya shafe ku kai tsaye. A dokar Ikilisiya, duk wanda bai kai 18 ba yaro ne a wannan batu, ko da an ce da yardarsa. Irin wannan ƙara ba ta tsayawa a teburin Bishop, dole ya bincika ya tura Roma. Wa'adin kai ƙara shekara 20 ne, kuma ana fara ƙirgawa daga ranar da yarinyar ta cika 18, don haka ƙofa a buɗe take. Tun Mayun 2019 aka kafa dokar da ta tilasta wa kowace dayosis, wato yankin da ke ƙarƙashin Bishop, ta samar da hanyar karɓar irin wannan ƙorafi, ta kuma ce a binciki shi kansa Bishop in ya rufe. Ban da wannan, laifi ne a dokar ƙasa, ana iya zuwa wurin hukuma. Amma ita yarinyar ce mai cewa e ko a'a, kada a sake yanke mata hukunci a bayanta kamar yadda dattawan nan suka yi.

Rifkatu (Riyad): Yaya Bitrus, ban taɓa sanin maganar shekara ashirin ɗin nan ba. Mu an ce mana magana ta wuce. Zan kira ta in ji ta bakinta. Abin da ke hana ni barci shi ne, a inda aka kai shi ma akwai 'yan mata.

Istifanus (Riyad): To kun ji. Duk wannan, sannan a ce in durƙusa gaban irinsu in faɗi zunubina? Hannun da ya karɓi ambulan shi zai ɗaga Jikin Yesu? Ni a ganina Mas ɗin irin wannan mutum wasan kwaikwayo ne.

Baba Luka (Jubel): Wannan tambayar taka ta girmi kakanninmu, kuma a Afirka aka yi ta. A shekara ta 303 Sarkin Rum Diyokletiyan ya sa a ƙwace littattafai masu tsarki a ƙone. Wasu shugabannin Ikilisiya a Afirka ta Arewa suka tsorata suka miƙa, wasu suka ƙi aka kashe su. Da ƙura ta lafa, sai wata ƙungiya, mabiyan Donatus, suka ce duk wanda ya miƙa littafi hannunsa ya ƙazantu, baftismarsa ba baftisma ba ce, wanda ya naɗa ma ba firist ba ne. Ka ga maganarka ce sak. Kuma ba mutanen banza ba ne, 'ya'yan waɗanda aka kashe ne, suna da hujjar fushi. Rikicin ya ci fiye da shekara ɗari, har babban zama aka yi a Kartaj a 411.

Waliyyi Agustin, Bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, shi ya ba su amsa. Ya ce ko Bitrus ne ya yi baftisma, ko Yahuza ne, mai yin baftismar na ainihi Almasihu ne. Ka duba hikimar da ke ciki. In da ingancin Mas ya rataya a kan tsarkin Fada, to ba wanda zai taɓa sanin ko an yi masa baftisma, don ba ka ga zuciyar kowa ba. Sai ka bi kowane firist da bincike kafin ka buɗe baki ka karɓa. Wannan koyarwar ba don a kāre mugun firist aka yi ta ba, don a kāre ka ne, kada muguntarsa ta ƙwace maka abin da yake naka. Shi kuwa hukuncinsa yana nan, ya ma fi nauyi. Yesu bai ambaci dutsen niƙa a wuya a kan karuwai ko masu karɓar haraji ba, a kan mai sa ƙanana tuntuɓe ya ambata.

Istifanus (Riyad): Baba, a kai na gane. A zuciya ne bai shiga ba.

Baba Luka (Jubel): Ban ce ya shiga yau ba.

Talatu (Ƙasim): Ina wuni iyayena da yayyena. Ni ban iya dogon rubutu ba, kuma sai madam ta yi barci nake samun waya. Aikin gida nake yi, shekara uku da wata biyu ban fita garin nan ba, fasfona ma ba ya hannuna. Ba Baharen ba, ko bakin titi sai da su. Rosarina an karɓe tun a makon farko, da gaɓoɓin yatsu nake ƙirgawa ina wanke-wanke. Ina karanta maganganunku ina kuka, don ni ko wannan Fadan na Yaya Istifanus aka kawo mini yau, zan durƙusa in yi konfeshan, in karɓi Jikin Yesu, in na tashi in gaya masa abin da ya yi wa Baba bai kyauta ba. Ina da tambaya. In na mutu a nan ba konfeshan fa? Ana iya yi ta waya?

Hannatu, mai kula da zaure (Riyad): Talatu ƙanwata, riƙe fasfon ma'aikaci ba ya bisa dokar ƙasar nan. Zan kira ki gobe da dare mu yi wannan maganar daban. Baba, a amsa mata ɗayar.

Baba Luka (Jubel): 'Yata Talatu, ba a yin konfeshan ta waya, sai firist yana tare da ke. Amma kada ki ji tsoro. Ikilisiya tana koyar da cewa wanda ba shi da hanyar ganin firist, in ya yi tuba ta gaskiya saboda ƙaunar Allah, da niyyar zai furta zunubansa ranar da ya samu hanya, Allah ya gafarta masa tun a lokacin. Fafaroma Francis ya maimaita wannan a Maris 2020 da korona ta rufe coci-coci. Wajibcin zuwa Mas kuma ba ya kan wanda ba shi da iko. Allah ba ya bin ki bashin Lahadi ko ɗaya.

Kuma ba ke ce farau ba. A Japan an hana addinin Kirista a 1614, aka kori firistoci, aka kashe na kashewa. Mutane suka yi fiye da shekara 200 ba Fada ko ɗaya. Su ke yi wa 'ya'yansu baftisma, su ke riƙe lissafin ranakun azumi da Ista, kaka ta gaya wa jika cewa wata rana firistoci za su dawo. A Maris 1865 wasu ƙauyawa suka shiga sabon cocin da Faransawa suka gina a Nagasaki suka raɗa wa Fada cewa zuciyarsu ɗaya da tasa. Abin da ke ba ni mamaki kullum, tsara bakwai ba su ga firist ba, amma ba su ce ba sa bukatarsa ba. Jira suka yi. Ƙasar nan da muke ciki ma tana da nata. A Najran, can kudu, an kashe Waliyyi Haris da jama'arsa a 523 saboda bangaskiya, kuma nan Jubel inda nake akwai kufan tsohon coci da aka gano a 1986. Ba a kan busasshiyar ƙasa kike addu'a ba.

Talatu (Ƙasim): Na gode Baba. Yau zan yi barci.

Dauda Direba (Jubel): Ni ba malami ba ne, amma bari in sa baki. Ana ta lissafin miyagu, to a lissafa da waɗannan. Fada Isaac Achi shi ne Fadan cocin Madalla ranar Kirsimetin 2011 da bam ya tashi a ƙofa. Ya tsira, ya binne mutanensa, bai gudu ba. Ranar 15 ga Janairun 2023 aka ƙone shi a gidan Fada a Kafin Koro, jihar Neja. Fada John Mark Cheitnum na Kafanchan, an sace shi a Yulin 2022 a yankin Lere, aka tsinci gawarsa. Na'aman Danlami ko naɗa shi ba a yi ba, ɗan siminari ne, ya ƙone a gidan Fada a Fadan Kamantan a Satumban 2023. Michael Nnadi shekararsa 18 aka ɗauke shi daga siminarin Kaduna a Janairun 2020, aka kashe shi. Fada Sylvester Okechukwu, ranar Larabar Toka ta 2025 aka samu gawarsa a Kaura. Waɗannan duk 'yan gida ne, ba labarin Turai ba. Kuma yaran da ke siminari sun ga duk wannan, ba su kwashe kayansu sun koma gida ba. Ni in na ce na gode wa Allah saboda firistoci, waɗannan nake nufi, da na ƙauyen da ba wanda ya san sunansa, mai tura babur cikin taɓo zuwa coci na shida ranar Lahadi.

Rifkatu (Riyad): Yaya Dauda, ina girmama jininsu. Amma don Allah kada a ɗora su a sikeli a ce sun rinjayi 'yar'uwata. Jinin Fada Achi ba ya wanke wancan mutumin. In ma akwai wanda ya fi cin amanarsu, to shi ne, don rigarsu ya sa ya yi abin da ya yi.

Dauda Direba (Jubel): Haka ne ƙanwata. Ban yi nufin sikeli ba. Na karɓi gyara.

Bitrus Injiniya (Dahran): Abin da zaman ƙasar nan ya koya mini ke nan. Ana ƙiyasta Katolika fiye da miliyan ɗaya a Saudiyya, ba coci ko ɗaya. Bishop ɗinmu, Aldo Berardi, a Baharen yake zaune, ƙasa huɗu ke ƙarƙashinsa, da Kuwait da Katar. A nan ba Fadan da ke bin ka kuɗin gini, ba mai duba katinka, ba wanda zai san ka je ko ba ka je ba. Amma dubi yadda mutane ke kashe kuɗin biza da na mota, su bi gadar kilomita 25, su tsaya layi, don minti biyar gaban wani tsoho da ba su san sunansa ba. Lokacin da Fafaroma Francis ya zo Baharen a Nuwamban 2022 ina cikin filin wasan, na ga ma'aikatan da suka kwana a hanya daga Riyad. A gida mun haɗa firist da abubuwa da yawa, shi ne mai makaranta, mai rijiyar burtsatse, mai hanyar samun aiki, babban baƙo a kowane biki, har muka manta ainihin abin da muke nema wurinsa. Nan an tuɓe duk wannan, saura bagadi da kujerar konfeshan. Kuma saboda na san darajar waɗannan biyun ne ba zan ƙara yin shiru in ga ana wasa da su ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ayuba (Jidda): Na karanta duka. Istifanus, maganar albarka da na yi, na janye, ka yafe ni. Amma har yanzu ina ganin akwai abin da ya kamata a yi a ofishin Bishop, ba a waya ba.

Hannatu, mai kula da zaure (Riyad): Ayuba, ai sai an faɗa a wani wuri kafin a san akwai ofishin. Rifkatu shekara takwas ba wanda ya gaya mata.

Istifanus (Riyad): Ya wuce, Ayuba. Tun da ana faɗin gaskiya, akwai abin da na tsallake, kuma maganar babur ɗin Dauda ce ta tuno mini. A cikin kwana taran nan, ƙaramin Fadan farish ɗin, wanda bai fi shekara da naɗawa ba, ya zo gidanmu sau uku da dare a kan babur, ba da sanin babbansa ba. Mama ta ce daren farko ruwa ya yi masa dūka, ya zauna a tabarma rigarsa na ɗiga, ya yi rosari da su har ƙarshe. Da zai tafi ya cusa mata dubu bakwai a hannu ya ce abin da ke gare shi ke nan, a ƙara. Ya ce mata, "Mama, ki yafe mana." Shi ne kuma ya riƙa kai wa Baba Jikin Yesu a gida lokacin jinya. Ban san me ya sa ban taɓa ba da wannan ɓangaren ba. Wataƙila don yana ɓata mini fushina.

Maman Godiya (Dammam): Istifanus ƙanena, ba wanda ya ce ka ajiye fushin. Ka zo da shi. Dauda zai haye Juma'ar farkon wata, daga Riyad zuwa Dammam awa huɗu ne a mota, akwai jirgin ƙasa ma. Ka kwana wurin su Bitrus.

Istifanus (Riyad): A'a Anti, ban kai nan ba tukuna. Kada in yi muku ƙarya. Amma in kun je, a ba da sunan Baba a yi masa Mas. Tun jana'izar ba a yi masa ko ɗaya ba, ni na hana. Zan turo wa Dauda sunan ta gefe. Nawa ake biya?

Baba Luka (Jubel): Ba biya ba ne, baiko ne, abin da ka ga dama. In ba ka da shi ma, doka ta roƙi firist ya yi haka nan.

Istifanus (Riyad): To Dauda, ka ba da sunan ba tare da ko riyal ɗaya ba. Ina so in ji abin da zai ce.

Dauda Direba (Jubel): An gama. Zan dawo maka da amsarsa yadda ya faɗe ta. Masu tafiya ku duba bizarku tun yanzu, kada a mayar da mu daga tsakiyar gada kamar watan jiya. Kujera biyu ta rage, ƙarfe biyar na asuba zan tashi.

Rifkatu (Riyad): A riƙe mini ɗaya. Yaya Bitrus, in mun haɗu ka nuna mini yadda ake rubuta takardar nan, ko da ta ce e.

Talatu (Ƙasim): Yaya Dauda, a sa sunana ni ma, cikin na masu rai.